Allura, keken ɗinki ko gam: wanne ya fi dacewa da ƙawata kundin hotunan iyali?

Da wuya a sami gidan da ba shi da wata leda ko wani tsohon gwangwanin biskit da aka cusa hotuna a ciki: na ɗaurin aure, na suna, na ranar sauka, da na yara sanye da kayan sallah sun jeru a gaban labulen mai hoto. Wanda ya yi niyyar fitar da su daga wannan hali, ya shirya su shafi-shafi a kundi tare da rubutu da ado, zai iske hanyoyi uku a gabansa. Ko dai ya ɗinka adon da hannu, ko ya hau keken ɗinki, ko kuma ya ɗauki gam ya manna ƙyalle da maɓallai da duwatsu masu ƙyalli. Na gwada dukkansu a kan hotunan gidanmu, kuma na fahimci cewa bambancinsu bai tsaya ga kyan gani ba, ya kai ga abin da zai sami hoton bayan shekara ashirin.

Wannan sana'a a sigarta ta zamani a Amurka ta bunƙasa. Wata mata mai suna Marielen Christensen ta baje kundayen iyalinta a wani taro a birnin Salt Lake a 1980, sannan a 1981 ta buɗe shagon sayar da kayan aikin a garin Spanish Fork na jihar Utah. Daga Amurka ne kuma shafi mai inci 12 a kowane gefe, wato kimanin santimita 30 da rabi, ya zama ma'aunin da aka fi sani. Amma ɗinkin ado ba baƙonmu ba ne, domin hannun da ya iya ɗinkin hula ko ya taɓa fitar da aska takwas a gaban babbar riga ya riga ya mallaki fiye da rabin ƙwarewar da ake bukata. Abin da ya rage shi ne sanin cewa takarda ba yadi ba ce, kuma hoto ba takarda ba ce kawai.

Kafin a zaɓi hanya, tambayar farko ita ce wane irin hoto ne a hannu. Akwai hoton da ke cikin waya, wanda ko ya lalace gobe za a koma a sake wanko shi, akwai kuma hoton da shi kaɗai ya rage a duniya, mai ɗaukarsa ya rasu, nagatif ɗinsa ya ɓace. Hotunan bikin mahaifiyata suna cikin irin albam ɗin nan da ya yi tashe a shekarun 1970 da 1980, mai shafi mai danƙo da leda a sama. Ranar da na ɗaga ledar don in ciro hoton da take zaune tsakanin ƙawayenta, sai na ga danƙon ya koma layi-layi ruwan ƙasa, ya kama bayan hoton kam. Na ja a hankali, amma duk da haka bayan takardar ya saɓule ya bar wani sashe a jikin shafin, tare da rabin sunayen da kawuna ya rubuta da biro. Tun daga ranar na ɗauki ƙa'ida ɗaya wadda duk kwatancen da zan yi ya dogara a kanta: hoton asali ba ya haɗuwa da allura, ba ya haɗuwa da gam. Adon na shafin ne, shi kuwa hoton a zaunar da shi yadda za a iya ɗauke shi lafiya duk ranar da aka so. Idan ana sha'awar huda hoton kansa ko yanke shi, sai a kai shi a yi masa sikanin, a wanko kwafi, a yi aikin a kan kwafin.

Abu na biyu shi ne takardar da za a yi aikin a kanta, domin ita ce ke yanke hukuncin hanyar da za ta yiwu. Takardar ofis da ake buga wasiƙa nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, kuma ba ta ɗaukar ɗinki, zaren zai tattare ta ko ya yaga ta. Ana bukatar kwali mai santsi da ya kai giram 200 ko fiye, wanda aka rubuta cewa ba shi da asid kuma ba shi da sinadarin liginin. Duk wanda ya taɓa ajiye jarida ya ga yadda ta yi ja ta koma mai karyewa bayan 'yan shekaru ya ga aikin waɗannan abubuwa biyu, kuma lahanin ba ya tsayawa a takardar, yana tsallakawa zuwa hoton da ke manne da ita. Kwalin da 'yan makaranta ke saye don zane yana ɗaukar allura sosai, sai dai launinsa yana dusashewa, kuma galibi ba a san abin da aka yi shi da shi ba, don haka ya fi dacewa da koyo da kuma kwafin hotuna.

Ɗinkin hannu shi ne na fi daɗewa a kai, kuma shi ne na fi so, ko da yake ya fi sauran cin lokaci nesa ba kusa ba. Ba a soka allura mai zare kai tsaye a kwali kamar yadda ake yi wa yadi. Da farko ana zana siffar da fensir a bayan shafin, ko a zana ta a wata siririyar takarda a ɗora a kai, sannan a shimfiɗa shafin a kan guntun soson katifa, a bi layin da basilla ko allura mai ɗan kauri ana huda ramuka, a bar tazarar milimita 4 zuwa 5 tsakanin kowane biyu. Sai an gama hudawa tukuna ake zura zare. Idan aka ɗauki shafin inci 12 aka kewaye shi da layi mai santimita 28 a kowane gefe, tsawon layin ya zama santimita 112, wato ramuka 224 ke nan a tazarar milimita 5, kuma kowannensu sai allura ta ratsa shi. A hannuna wannan aikin yamma guda ne cur, daga la'asar zuwa kiran magariba.

Zaren da ya fi dacewa shi ne na auduga mai sili shida, irin wanda kamfanonin DMC da Anchor suka shahara da shi, kuma ana raba shi a ɗauki sili biyu ko uku kawai, domin shida gaba ɗaya suna buɗe ramin har ya yi muni. Zaren hula mai sheƙi shi ma yana yi, kuma yana ba shafin wani armashi da na auduga ba ya bayarwa, sai dai yana da santsi, yana saurin kwancewa idan ba a kama bakinsa da kyau ba. Ba a ƙulla zare a bayan shafi kamar yadda tela ke yi, saboda ƙullin yakan yi tudu ya buga tambari a jikin hoton da ke shafi na gaba. Ana cusa bakin zaren ne a ƙarƙashin ɗinkin baya, ko a kama shi da ɗan guntun tef marar asid. Haka kuma ba a jan zare da ƙarfi: yadi yana miƙewa ya dawo, kwali kuwa da zarar gadar da ke tsakanin ramuka biyu ta tsage, to ta tsage ke nan.

Fa'idar ɗinkin hannu ita ce 'yancin da yake bayarwa. Da shi ake iya rubuta sunan jariri da zare a shafin ranar suna, a fitar da lanƙwasar harafi ko ta boko ko ta ajami, a zana dagi a kusurwa, ko a yi ɗinkin sarƙa ya zagaye hoton kaka. Ɗinkin da ake komawa baya a kowane taki, wanda ke ba da layi marar yankewa, shi ne ya fi kyau ga rubutu, shi kuwa na tsallake-tsallake ya fi sauri kuma ya isa ga gefen shafi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne cike fili da zare kamar yadda ake cike gidajen hula, saboda hakan yana bukatar ramuka masu matsatsi, kuma kwalin zai ruguje a wurin. Saboda haka wanda ya saba da surfani sai ya rage hannu, ya ɗauki layin zanen kawai ya bar cikinsa fili. Wata fa'idar da ban lura da ita ba sai daga baya ita ce zare ba ya bushewa, ba ya narkewa, kuma ba ya sakin abin da ya riƙe. Maɓallin da aka ɗinka yana nan inda aka sa shi ko da zafin watan Afirilu ya kai inda ya kai.

Keken ɗinki yana yin wancan layi mai santimita 112 cikin 'yan mintuna, kuma yana fitar da shi a miƙe, taki daidai da taki, yadda hannu ba zai iya ba. Ko wane keke yana iya aikin, har da tsohuwar Butterfly ko Singer ta ƙafa da ke ɗakunan iyayenmu. Sai dai akwai sharuɗɗa. Dole a buɗe takin ɗinkin ya kai milimita 3 zuwa 4, a ɗan sassauta zaren sama, a kuma tafi a hankali. Karon farko da na gwada na bar keken a yadda ake ɗinka atamfa, takin ya yi ƙanana, ramukan suka matsu da juna, ina ɗaga shafin sai gefensa ya rabu da shi kamar yadda ake yage kan sarki daga 'yan uwansa. Haka nan ba a komawa baya don kulle ɗinki, domin allurar za ta sake faɗawa wuri ɗaya ta ɓarke shi. Ana jawo zaren sama zuwa baya ne a kama shi tare da na ƙasa. Takarda tana dakushe allura da sauri, don haka a ware mata allurarta daban, kada a mayar da ita kan shadda. Kafin a fara kuma a goge man keken, a gwada a kan guntun kwali, saboda ɗigon mai ɗaya ya isa ya ɓata shafi, kuma haƙoran da ke jan yadi sukan bar sawu a bayan kwali mai laushi.

Babban raunin keke shi ne ba ya yafe kuskure. A yadi, idan layi ya karkace sai a farke a sake, ramukan su rufe da kansu. A kwali kuwa ramin yana nan har abada. Mai ɗinkin hannu yana ganin dukkan ramukansa kafin ya zura zare, yana da damar tsayawa ya gyara, shi kuwa mai keke sai aikin ya wuce yake ganin abin da ya faru. Kuma shafi mai faɗin santimita 30 ba ya juyawa cikin sauƙi a ƙarƙashin hannun keke, ba a kuma iya naɗe shi kamar yadi, saboda haka ƙananan lanƙwasa da haruffa ba nasa ba ne. Inda ya yi zarra shi ne layukan gefe, da ɗinka ƙyalle ko ribon a jikin shafi, da kuma ɗinka aljihu, wato a ɗora wani kwali ko leda mai kyau a ɗinke gefe uku a bar ɗaya a buɗe don a zura katin gayyata ko wasiƙa. Wanda ke da hotunan biki ɗari yana son ya gama kundin kafin amarya ta tare, keke ne abokin tafiyarsa.

Gam kuwa shi ne hanyar da kowa ke fara tunani, domin ba ya bukatar koyo, yara ma suna iya sa hannu, kuma akwai kayan adon da ba su da wata hanyar zama sai shi, kamar duwatsun da ake sa wa leshi da haruffan da aka yanka daga takarda. Matsalar ita ce kalmar gam ta tattara abubuwa masu halaye daban-daban. Salatif na yau da kullum yana yin ja, danƙonsa ya nutse cikin takarda ya bar tabon da ba ya fita, ledar kuma ta faɗi. Gam mai warin fetur irin na masu gyaran takalmi yana tabo kuma yana sakin abin da ya kama idan ya tsufa. Farin gam na kafinta yana kamawa da ƙarfi, amma ruwan da ke cikinsa yana sa kwali ya lanƙwashe, kuma ba a iya ɓamɓare shi ba tare da ɓarna ba. Gam ɗin da ake narkarwa da bindigar lantarki yana yin tudu, sannan yana iya yin laushi idan kundin ya kwana biyu a mota ko a ɗaki mai rufin kwano. Ƙaro da kullun sitaci suna da sauƙin hali ga takarda, har masu gyaran tsofaffin littattafai suna amfani da sitacin alkama saboda ana iya jiƙa shi a cire, amma a ɗakin da kyankyasai ke yawo abinci ne aka ajiye musu. Abin da ya rage mai aminci shi ne gam na sanda ko tef mai fuska biyu da aka yi musamman don hotuna. Idan an ga an rubuta cewa kayan sun ci gwajin PAT, wato gwajin da ake yi a ƙarƙashin ma'aunin ISO 18916 don tabbatar da cewa abu ba zai cutar da hoto ba, to wannan shaida ce da ta fi rubutun "marar asid" kaɗai ƙarfi.

Yanayin ƙasarmu yana da ta cewa a wannan zaɓi fiye da yadda ake zato. Masu adana hotuna suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, mu kuwa a Kano ko Zinder shekara tana kai mu gefe biyu: hunturu ya busar da komai har takarda ta riƙa ƙara, sannan damina ta zo a watan Agusta littattafai su yi laushi, funfuna ta fara leƙowa. Kwali yana shan danshi ya buɗe, ya bushe ya tsuke, kuma gam ɗin da ya ƙame ba ya bin sa a wannan kai-komo, shi ya sa ake buɗe kundi bayan 'yan shekaru a tarar duwatsu sun taru a gindin shafi. Zare yana da sararin motsi a cikin raminsa, don haka yana jure wannan sauyi. Wannan dalili kaɗai ya isa ya sa na fifita ɗinki a kan gam ga duk abin da ke da rami ko ake iya hudawa.

Su kansu kayan adon suna bukatar tantancewa, ko da wace hanya za a kafa su. Ƙyallen ankon biki a gefen hoton bikin abu ne mai daɗi ƙwarai, domin yana dawo da ranar fiye da yadda rubutu zai yi, amma a wanke shi tukuna a fitar da sitaci da ragowar rini, a goge shi ya bushe sarai. Yadin da aka rina da baba aka buga, irin turkuɗin Kura, yana barin shuɗi a jikin fata, kuma haka zai bar shi a fuskar hoto. Ƙarfe, ko fil ne ko ƙusar sitefila, yana tsatsa da damina. Maɓalli mai kauri da ɗiyan wuri da manyan duwatsun ado suna danna shafin da ke fuskantarsu idan an rufe kundin, saboda haka a ajiye su can gefe inda ba za su yi daidai da fuskar kowa ba, a rage yawansu, a kuma ajiye kundin a tsaye maimakon a kwance a ƙarƙashin kaya. Ƙyallen da ya sha turare ko humra shi ma a nisanta shi, saboda mai ne, kuma mai yana tafiya a cikin takarda. Idan za a sa shafin a rigar leda, a nemi ta foliyesta ko folifirofilin, a guji ta PVC mai warin sabuwar roba. Laminatin kuma, duk da yadda muka yarda da shi wajen takardun makaranta, zafi ne da danƙo da ba a iya warwarewa, bai dace da tsohon hoto ba ko kaɗan.

Saura yadda hoton zai zauna, tunda an hana shi gam an hana shi allura. Hanya mafi sauƙi ita ce 'yan kusurwoyin nan huɗu da ake mannawa a shafi a zura gefunan hoton a ciki. Idan ba a same su a kasuwa ba, ana naɗe su daga siririn yankin takarda mai kyau, ko a tsaga shafin da reza a karkace a wurare huɗu. A nan ma ɗinkin hannu yana da wata dabara da sauran ba su da ita: a huda rami biyu a wajen kowace kusurwa, a ratsa zare ko siririn ribon a karkace sau biyu ko uku, sai hoton ya shiga ƙarƙashinsa ya zauna daram, adon da marikin suka zama abu ɗaya. Kada dai zaren ya matse har ya shata gefen hoton. Sunayen mutane da shekara a rubuta su a jikin shafin, idan kuma dole sai a bayan hoton, a yi da fensir mai laushi ba tare da dannawa ba.

Idan aka zo batun kuɗi, ɗinkin hannu ne mafi araha, domin allura da zare da guntun soso ne jarinsa, kuɗin duk yana tafiya ne ga kwali mai kyau. Keke ba ya cin komai ga wanda yake da shi a gida, wanda ba shi da shi kuma zai iya kai wa tela, amma ya zauna tare da shi, ya kai masa guntayen gwaji, domin yawancin teloli ba su taɓa ɗinka takarda ba. Gam yana kama da mai araha, amma nagarin ba ko'ina ake samunsa ba kuma yana da tsada, marar kyan kuwa hoton ne ke biyan kuɗinsa daga baya.

Shawarata ga mai tsofaffin hotunan da ba su da na biyu ita ce ya ɗauki ɗinkin hannu, ya yi ado kaɗan a nesa da hoton, ya zaunar da hoton a kusurwoyi, ko da kuwa shafi ɗaya zai riƙa gamawa a mako. Mai tarin sababbin hotuna da ƙurarren lokaci ya yi gefuna da aljihuna da keke, ya bar suna da kwanan wata kawai ga allurar hannu. Kundin da yara za su yi da kwafin hotunan sallah kuma a ba su gam na sanda da duwatsu su yi yadda suke so, tunda na asalin suna ajiye. Hoton mahaifiyata da ƙawayenta yanzu yana kan farin kwali mai kauri, ribon ruwan goro ya riƙe kusurwoyinsa huɗu, a ƙasansa kuma na ɗinka sunaye biyar da sili biyu na baƙin zare, bayan na kai mata hoton ta duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya ta cike mini waɗanda danƙon ya cinye.